Babin Kaguwa

Lennox na fama da ƙafar kaguwa, miya na gangarowa gwiwar hannunsa, sai Tanti Verna ta ɗago kai daga can ƙarshen tebur.

"Shafi arba'in cur mutane na cin kaguwa, ba abin da ya faru," ta ce. "Haka ka rubuta ko, Dakta?"

Haka ya rubuta. Bara ne, shi malamin adabi a jami'a, ya yi wa littafinta kaca-kaca a jarida, har yana alfahari. Lokacin bai haɗu da Marva ba, balle ya san marubuciyar ce goggon da ta raine ta. Yau ga shi ya ƙetaro zuwa tsibirin Tobago neman albarkar aure, kuma tun a jirgin ruwa Marva ta gaya masa in Tanti ta ƙi, magana ta ƙare. Tsoro ya kama shi sosai.

"Tanti, ai nazari ne kawai..."

"Ci abinci, yaro. Nazari ba ya fasa ɓawo."

Kawu Fitzroy, ƙanen Tanti, ya tuntsire da dariya. "Wannan ne zai riƙe mana Marva? Dubi yadda yake lallaɓa kaguwa sai ka ce zai nemi rance a wurinta."

Kaguwa dai ba ta ciyuwa da gaggawa. Sai an fasa, an tsotse, an lashe yatsu, a haka hira ke samun wuri. Aka yi tsegumin limamin coci, aka yi gardamar wasan kurket. Marva ta raɗa masa cewa Tanti da Kawu ba sa ga-maciji tun rigimar wata bishiyar mangwaro, Lahadi kawai ke haɗa su, kuma ko gishiri ba sa miƙa wa juna.

Can Lennox ya ga Kawu na kokawa da wani ƙaton ɗan yatsan kaguwa, haƙoran sun gaza. Tanti ta miƙa hannu ta karɓe, ta ƙwala wa yatsan bayan cokali, ta mayar farantinsa ba tare da ta dube shi ba. Kawu ya ci, yana sharar ido, wai barkono ne ya yi yawa. Sai kowa ya ɓarke da surutu lokaci guda, Marva na dariya har da hawaye.

Akwai wannan a littafin, kusan sak. Sau biyu ya karanta babin, bai gani ba.

"Tanti," ya ce, "na karanta ki da ciki a ƙoshe."

Ta dube shi. Sannan ta zaɓo yatsa mafi tsoka, ta fasa, ta ɗora masa a faranti.

"Wane shafi muke yanzu, Dakta?"

"Kamar na goma sha biyu."

"To gyara zama, surukina. Da sauran tukunya guda a wuta."