Tsamiyar Mama Naomi

Kashin shamuwa ne ya fara yi wa sabuwar motar Kansila Nuhu maraba, fari fat a gilashin gaba, tun ba a rantsar da shi ba. Saura kwana uku sojoji su miƙa mulki, shi kuwa ya gayyaci rabin unguwar Barnawa liyafa a ƙofar gidansa, ya kafa rumfa daidai ƙarƙashin tsamiyar da ke tsakaninsa da Mama Naomi, matar marigayi kawunsa.

Tsamiyar nan, Mama Naomi ta fi sanin halin da take ciki a kan na jikokinta. Tun da ta bar koyarwa, duk farkon damina sai ta zauna da littafi ta ƙirga sheƙunan shamuwa, ta aika wa wata ƙungiyar masu kula da tsuntsaye ta gidan waya. Bana sheƙa goma sha ɗaya ce, bakwai da 'ya'ya a ciki, ko gashin kirki ba su yi ba.

Da hantsi Nuhu ya iso da mai saran itace daga Tudun Wada, Malam Zakariyya'u, gatari a kafaɗa. Suka tarar ta jingina kujerarta da gindin bishiyar, tana watsa wa kurciyoyi dawa kamar ba ta gan su ba.

"Mama, ki ɗan matsa," in ji Nuhu. "Manyan baƙi za su zo, kin ga ɓarnar tsuntsayen nan."

"Na gani. Ka matsar da rumfarka."

"Haba Mama, yanzu fa ni hukuma ne."

"Shekara goma sha biyar masu bindiga na wucewa ta layin nan, ba wanda ya ɗaga wa bishiyar nan gatari. Sai kai da na sha rana a layi na dangwala wa?"

Malam Zakariyya'u ya ɗaga kai. Wata shamuwa ta sauka kan reshe, ƙananan wuyoyi suka miƙo daga sheƙa suna rawa. Ya sauke gatarinsa ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ba ka ce min da shamuwa a kai ba. A garinmu ba a taɓa bishiyar da ta sauka sai 'ya'yanta sun tashi. Ita ke zuwa mana da ruwa. Ka nemi wani."

Ya saɓi gatarin ya kama hanya. Masu shaguna sun leƙo suna kallo, kunya da haushi suka haɗe wa Nuhu. Ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"To ai ba zama suka zo yi ba, Mama. Damina na wucewa za su koma inda suka fito."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta soke ta. Ta fi shi sanin watan da suke tafiya, da tsawon ranin da bishiyar za ta yi fayau ba mai tare mata. Amma ba ta bari ya gani ba.

"Su za su tafi," ta ce. "Ni ba inda za ni."

Ta tuɓe takalmanta, ta miƙe ƙafa.