Maɓallin Magaji a Damtsen Alu

"Kwana goma sha huɗu tak," in ji Alhaji Magaji, dillalin albasa. "A manna maka shi ga damtse, ka riƙe wayar ga aljihu, in ba ka irin albasa gwangwani biyu."

Alu mai ɗinkin buhuna ya jujjuya abin a tafin hannunsa. Fari ne, bai fi maɓallin kwat ba.

"Ba ya shan jini?"

"Ko sauro ya hi shi ci."

Suka tafa a bayan rumfa, cikin kasuwar Aliero.

Khairiyya ɗiyar Magaji, ma'aikaciyar jinya a Maiyama, ita ta kawo na'urar. Ta zaunar da uban ta karantar da shi: abin yana auna sugan jini, in ya hau ko ya faɗi wayarsa ta yi ƙara, tata ma ta yi. Na farkon da ya ɗaura ya sha kunya. A wata walima a Jega, yana kai loma ta uku ta waina da zuma, aljihunsa ya fasa kuka, 'yan'uwansa dillalai suka ce, "Alhaji, aje, ɗiyarka tana kallo." Ga bukukuwan bayan cirar albasa sun tunkaro. Da lokacin sauya maɓallin ya yi, sai ya tuna da Alu, siriri kamar karan dawa. A ganin Magaji, ciwon suga na masu tumbi ne.

Tun ranar farko wayar ta kama kuka a aljihun Alu.

"Abin ga naka ya hana ni sakat, kamar ɗan akuyan da aka yaye."

"Lalacewa ya yi. Kayan zamani ke nan."

Khairiyya ta kira uban ta ƙaramar wayar da ta rage a hannunsa. "Baba, mi kake ci haka?"

"Zogale," ya ce, yana share maiƙo daga gemu.

Rana ta huɗu da hantsi sai ga ta bisa kabu-kabu, jakar aiki a cinya, idanu jajur. Ta durƙusa ta gaishe shi a gaban mutane, ta ce ya nuna mata damtsen. Magaji ya soma zancen farashin buhu. Ta naɗe hannun rigar da kanta. Wayam.

Daidai nan ƙarar ta tashi daga aljihun Alu.

Masu loda mota suka tsaya. Magaji ya ji kamar a tsaga ƙasa ya shige, ya sa wa takalminsa ido. Khairiyya ta saki hannun rigar. Ta koma gaban Alu.

"Kawu, kana yawan jin ƙishirwa?"

"Awo, ɗiyata. Buta uku ba ta isata. Na aza zahin rani ne."

"Fitsari fa? Da wannan ramar?"

Alu ya yi murmushin kunya, ya gyaɗa kai. Ta soki yatsansa, ta duba, ta ce ya aje allura da buhu, asibiti za su yanzu.

Magaji ya miƙo nasa yatsan a hankali. "Ni ma duba ni, uwata."

Ta dubi hannun. "Wannan naka ne, Baba, ko shi ma na aro ne?"

Ta duba shi duk da haka, ta faɗi abin da ta gani ba tare da ta ɗaga kai ba, ta tari wani kabu-kabun, suka nufi Maiyama ita da Alu.

Bayan mako guda ta aiko masa sabon maɓalli ta hannun direba, da saƙon cewa ta cire shi daga wayarta. Magaji ya manna shi da kansa a ɗaki. Yanzu in wayar ta yi ƙara, yakan sa hannu a aljihu yana jiran kiran ɗiyar, amma ba ta kira.

Alu dai ya ci riba biyu: ya shuka irinsa, an kuma gano ciwonsa kafin ya kayar da shi, har kumatu ya yi. Magaji kuwa, da bai taɓa faɗuwa a cinikin albasa ba, ya musanya yardar ɗiyarsa da wainar kwana uku.