Ranar da Nasiba Ta Zuba Ruwa a Nono

Ni Hindu, tun kafin a haifi Mushe Mudassir nake saida hura da nono a tashar Dogarawa, ba wanda ya taɓa ce mini uffan. Shi wannan Mushe, wato malamin lakwal, makarantar boko, alli da allo ba su ishe shi ba. Wai yara sun fi ganewa in sun yi abu da hannunsu. Sai ya maida aji kasuwa, ya ce kowa ya kwaikwayi sana'ar gidansu.

Jikata Nasiba ta ɗauki ƙwarya, ta waiga dama, ta waiga hagu, ta tuttula ruwa a ciki. Mushe ya tambaye ta dalili, ta ce, "Haka Inna ke yi."

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Direbobin da ke shan hurata kullum suka koma wurin Hassana, wata mai hura a tashar. Wani ma har da tambayata ko rijiya ta haihu.

Na yafa gyale sai lakwal. Na iske Mushe gaban yara.

"Kai ɗan nan, karatu aka aiko ka ko tonon asiri?"

"Inna, ki yi haƙuri, sabuwar dabara ce ta koyarwa."

"Dabarar ta kore mini masu saye! Nono in ba a sassauta shi ba, da mi za a dama? Da yawu?"

Hayaniya ta fiddo da diraktan lakwal, Malam Zaidu, mai ƙaton tumbi. Ya ce mi nake so a yi mini. Na ce inda aka ɓata ni, nan za a wanke ni. A sake wasan, amma ni zan yi da kaina, shi dirakta kuma ya zama mai saye.

Washegari na zo da kindirmo mai kauri, ko ɗigon ruwa babu. Na dama hura a gaban yara har ludayi ya tsaya a tsaye cikin ƙwarya. Na miƙa wa dirakta. Ya kai baki, abu ya ƙi wucewa. Ya yi ta haɗiya, idanu sun yi ja, yara sun zuba mishi ido. Can ya ce da ƙaramar murya, "Inna, ɗan ƙara ruwa."

"Mi ka ce? Kunnena ya tsufa."

"Na ce ƙara ruwa!"

Na juya wajen yaran. "Kun ji da kunnenku. Ku kai gida yadda kuka kai na farko."

Suka kai kuwa. Direbobi sun dawo, kowa ya zauna sai ya turo ciki gaba, ya ƙanƙance murya ya ce, "Inna, ɗan ƙara ruwa." Ina ƙarawa.

Mushe kuma ya aiko wai in ba shi aron Nasiba, za su yi wasan zaman gida. Na ce in ya kuskura, ƙwaryar nan a kansa za ta fashe.