Surukin da Bai Taɓa Ɗaga Kai Ba

Wata tara ke nan Zaharadden yana ganin matarsa ta cikin waya kawai. Shi yana Jidda, yana tuƙa jirgin ruwan masu nutso a gaɓar Abhur. Ita tana wani ƙauyen bakin teku a Japan, tana jinyar mahaifinta da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. A jirgin nan suka haɗu, lokacin tana koyar da nutso. Sunanta Natsumi, amma tun da ta musulunta ta zama Amatullah. Wata huɗu kacal suka yi a ɗakinsu na unguwar Safa, sai labarin ciwon ya zo. Har yau silifas ɗinta na bakin ƙofa, suna fuskantar waje yadda take jera su, ko shara zai yi sai dai ya kewaye su. Kewarta ta hana shi sakat, kuma ba ya ɓoyewa.

To, so kaɗai ba ya kawo bizar miji. Hukumar can tana so ta san da me za su rayu in ya je, ga Amatullah ta ajiye aiki saboda jinya. Hanya ɗaya ta rage: tsohon, da yake yana da gida da fansho, ya buga hatiminsa a takarda cewa ya tsaya wa surukinsa. Takardar ta daɗe a gefen gadonsa, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Zaharadden ya rasa laifinsa. Shi fa ɗan Kazaure ne, goyon kaka, ba wanda zai koya masa kunyar suruki. Duk sa'ad da Amatullah ta juya wayar wajen mahaifinta, sai ya zame daga kujera ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya yi gaisuwa ciki-ciki, sannan ya ce aiki na jiransa. Ranar da tsohon ya leƙo ta wayar ya tarar da shi yana cin shinkafa kuwa, saura ƙiris ya ƙware garin ɓoye kwano. A ganinsa ladabi ya kai ladabi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Wata Juma'a da hantsi, can Japan la'asar ta yi, Amatullah ta kira. Ta rame, idanunta sun faɗa.

"Maigida, na tambayi Baba yau," ta ce. "Ya ce ba zai tsaya wa mutumin da bai san fuskarsa ba. Wai tsakiyar kanka ya sani, sai fankar ɗakinka."

"Ni? Wallahi girmama shi nake yi!"

"Na faɗa masa. Ya ce ko dai ba ka son sa, ko akwai abin da kake ɓoyewa. Mu ma muna rusunawa, amma fa muna ɗagowa."

Ashe duk watannin nan da hannunsa yake tura ranar ganinta gaba. Takaici ya kama shi, kunya kuma ta taso masa tun kafin a je ko'ina.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Kai masa wayar. Yalla, maza, kafin zuciyata ta karaya."

Ya zauna daram a kujera, abin da bai taɓa yi ba a gaban surukinsa. Wuyansa ya yi nauyi kamar an ɗora masa turmi, amma ya ɗago. Sai ga wani ɗan tsoho, bakinsa ya karkace gefe ɗaya, da idanun Amatullah sak a fuskarsa. Suka daɗe suna kallon juna. Tsohon ya yi magana da ƙyar, 'yarsa ta fassara.

"Ya ce ka fi hoton fasfonka rama. Wai kana cin abinci kuwa?"

Da kakarsa na raye, amsar da ya bayar sai ta sa ta toshe kunne.

"Ki ce masa tun da 'yarsa ta tafi, abinci ba ya min daɗi."

Tsohon ya saurara, ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗauko hatimin, Amatullah ta danne masa takardar, ya buga. Sannan ya sunkuyar da kai gaban wayar, ya daɗe bai ɗago ba, har Zaharadden ya ga tsakiyar kansa fari fat. A haka ya ƙara faɗin wani abu, Amatullah ta fassara.

"Ya ce ka zo da wuri. Kwanansa ba su da yawa, kuma ba ya so ya tafi ya bar ni ni kaɗai."

An ce amsar hukuma kan kai wata uku. Duk da haka, kafin a kira sallar Juma'a Zaharadden ya sauko da akwati daga kan durowa. Abin da ya fara sawa a ciki silifas ɗinta ne.