Sana'ar Mai Neman Najiba

Duk wanda ya san gidan Alhaji Baƙo, mai unguwar wani ƙauye da ke gefen Garo, ya san ba a ba da 'ya a gidan nan sai an san abu biyu: asalin mutum da sana'arsa. Asalin Lurwanu, mai neman 'yarsa Najiba, ba gardama. Ɗan garin Madadi ne, kakansa har limanci ya yi. Sana'ar ce ta tsaya wa kowa a wuya kamar ƙayar kifi.

Wanda ya dama ruwan wani dillalin awaki ne. Ya rantse a shekarun baya ya sha ganin yaron a rumfar mahauta a kasuwar Gwarzo yana cika buhu da ƙasusuwan shanu. Ba nama ba fa, ƙashi zalla. Kafin zancen ya je rijiya ya dawo, mata sun mai da shi mahauci. Wasu suka ce ina, bokaye yake kai wa.

Mai unguwa ya kira yayarsa, Gwaggo Furera, wadda ita ta yaye Najiba, kuma ba a yin ɓari a ƙauyen nan ba ta ji ƙararsa ba.

"Yaya, maza sun yi nasu binciken, sun dawo min da wai yaron kirki ne. Kirki ai ba sana'a ba ce. Ranar Juma'a manyansa za su zo. In ban san abin da yake yi ba, haƙuri zan ba su."

Furera ta san ƙanen nata, in ya kafe ko jaki albarka. Ta kuma ga yadda Najiba ta fara barin tuwo a kwano. Sai ta ja yarinyar bayan rumbu.

"Ke, gaya min tsakaninki da Allah, me yake yi?"

"Gwaggo, bincike ya yi a jami'a, kan kayan da ake sa wa a jikin mutum in wani wuri ya lalace."

"Likita ke nan."

"A'a."

"To maɗori."

"A'a, Gwaggo."

Najiba ta faɗi sunan abin da Turanci, wata kalma doguwa kamar igiyar guga. Furera ta ce ta mayar da ita inda ta ɗauko. Abin da ta samu dai shi ne sunan mutum biyu da suka yi aikin tare da shi: Malama Sadiya a Kabo, da wani Zayyad a Gwarzo.

Washegari ta yafa mayafin unguwa, ta ce wa mutanen gida barka za ta je. Ta sami Malama Sadiya ta taso daga makarantar 'yan mata, alli bai ma fita daga hannunta ba. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara da gajiya da damina, aka sake gaisawa. Furera ta yi ta kewaye-kewaye har Sadiya ta yi dariya ta ce, "Inna, zancen Lurwanu ne ko?"

"Tunda kin faɗa. Ƙasusuwan nan, ina yake kai su?"

"Ai tare muke aikin. Ƙona su muke a wata tanda mai zafin gaske har su yi fari fat, mu niƙa, mu gina wani ɗan abu mai ƙofofi kamar soso. In ƙashi ya ɓalle ya bar rami, sai a cusa shi, jiki ya yi ta gini a kansa."

"Ikon Allah. A jikin wa kuka cusa?"

"Zomaye."

"Zomaye! Wa ya karya su?"

"Mu ne, Inna. Amma sai an yi musu allurar barci."

Furera ta yi salati ta tafa hannu. "Ku karya da kanku, ku gyara da kanku? To mutum nawa kuka warkar?"

"Ba a kai kan mutum ba tukuna. Aikin ya tsaya."

"Shanun ne suka ƙare?"

"A'a, waɗanda suka ɗauki nauyin binciken ne wa'adinsu ya cika. Kowa ya kama gabansa. Ni ga ni ina koyar da kimiyya."

Furera ta ji sanyi a ranta, ta gyara zama. "Alhamdulillahi. Ashe malami ne."

"Wa? Lurwanu? A'a, shi nasa daban ne. Zayyad zai fi ni iya bayani."

Haka ta hau mota zuwa Gwarzo, kanta cike da zomaye. Ta sami Zayyad a bakin titi yana shirya kwalaye a bayan wata ƙaramar mota, waya manne a kunne. Yaro mai surutu kamar an kunna rediyo. Da ya ji abin da ya kawo ta, sai ya buɗe kwali ya zaro wani siririn ƙarfe mai huji-huji da 'yan kusoshi a leda.

"Kafinta ne kai?" in ji Furera.

"Haba Hajiya! Wannan a cinyar mutum ake ɗaura shi in ta karye. Asibiti-asibiti nake bi ina kai wa likitoci."

Furera ta dafe cinyarta ta ja da baya. "Waccan ta ce soso, kai ka ce kusa. Anya makaranta ɗaya kuka yi?"

"Ɗaki ɗaya ma, Hajiya, kwano ɗaya. Mu huɗu ne. Sadiya ta ɗauki alli, ni na ɗauki jaka. Nasir ya haye ƙasar waje ƙarin karatu, yanzu haƙoran Turawa yake haɗa wa abin cikewa."

"Lurwanu fa?"

"Shi ai yana ɗaki."

"Subhanallahi. Me ya same shi?"

"Lafiyarsa ƙalau, ya ma fi ni ƙiba. A ɗakin yake aikin."

Nan Furera ta ga ba sarki sai Allah. Ba a saba dangin yarinya su taka ƙofar mai nema ba, amma tsufa ma riga ce, tana rufe abubuwa da yawa. Ta sa Zayyad ya nuna mata gidan.

Lurwanu na ganin ta ya zube ƙasa yana gaisuwa, ya rasa inda zai sa kansa. Ita kuwa tana amsawa idonta na zagaya ɗakin. Tebur, kwamfuta, fanka mai aiki da hasken rana, darduma. Ta ɗan leƙa ƙarƙashin gado a fakaice. Ko ƙashin kaza babu.

"Ɗan nan, na gaji da yawo. Me kake yi?"

Ya yi bayani a hankali. Wai akwai wani kamfani a Legas mai yin zaren ɗinkin tiyata da abin rufe ciwo. Kafin hukuma ta yarda a sa wa mutane, sai an gwada an ga ba zai cuci jiki ba. To sakamakon gwajin ake turo masa, shi ya duba ya ce wannan ya isa, wannan a sake.

"Kai kake saƙa zaren?"

"A'a, Gwaggo."

"Kai kake ɗinkin?"

"A'a."

"Kai kake gwajin?"

"Wasu ne ke yi."

"To ubangidan naka, ina yake zama?"

"Mace ce. Ban taɓa ganin ta ido da ido ba, ta waya muke magana."

Furera ta ji kamar ɗakin yana juyawa tare da fankar. "To in an tambaye ni, in ce sana'ar me?"

Ya murza yatsu. "Wallahi, Gwaggo, ban san sunanta da Hausa ba. Kuma in gaya miki gaskiya, ban san ko ita zan riƙe ba. Da za a sake buɗe bincike irin wancan, komawa zan so in yi. Ƙashin nan ya fi kwanta min a rai."

"Rufa min asiri! Wannan ka bar shi a cikinka."

Ta fito tana jin yaron ya shiga ranta, don wanda zai yi ƙarya ba zai ce bai sani ba. Amma shiga rai ba amsa ba ce, kuma Juma'a ba ta jira.

Da ta koma, mai unguwa ya tare ta tun ba ta cire mayafi ba.

"Baƙo, ba mahauci ba ne. Ba boka ba ne. Ba likita ba, ba malami ba, ba ɗan kasuwa ba."

"Yaya, na aike ki ki samo abin da yake, kin ɗebo min abin da ba shi ba."

Ta buɗe baki za ta fara, sai zomaye da kusoshi da matar Legas suka cakuɗe mata wuri ɗaya. Ta rufe. Can ta ce, "Ni aji nawa na yi? Kai ne mai zuwa taron hakimi, kai ne mai rediyo a kunne. Abin da ya fi ƙarfin kaina ai kai kamar shan ruwa ne a wurinka. A kira shi ya faɗa da bakinsa a gaban dattawa."

Mai unguwa ya gyara hula, ya ce ai haka ya kamata tun farko.

Ranar Juma'a bayan an sauko, zaure ya cika. Ga liman, ga dattawan unguwa, ga baffannin Lurwanu, shi kuma yana rakuɓe a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Furera na bayan asabari, kunne a manne. Aka ce ya yi magana. Ya faro tun daga tanda, ya bi ta kan zomaye, ya sauka Legas. Ta ji ya zo daidai wurin nan na komawa bincike, ta runtse ido. Ya faɗa kuwa, ɗan ƙwal uba, bai rage ko ɗaya ba.

Kowa ya juya yana kallon mai unguwa, mutumin da aka sani da fassara wa jama'a labaran duniya. Ya shafa gemu. Ya dubi liman, liman ya dubi carbinsa. Ya yi gyaran murya.

"To, ai wannan sananniyar sana'a ce."

"Ƙwarai kuwa," in ji liman da sauri.

"Sananniya," in ji dattawa, kowa na gyaɗa kai kada a ce shi ne bai gane ba.

Nan take aka ce an ba su, aka yi fatiha, aka raba goro. Furera ta sulale ta koma tsakar gida ta ɗauki tiren zogale kamar tun safe take wurin. Najiba na leƙe ta taga. Furera ta ɗaga mata gira, yarinya ta faɗa kan gado ta rufe fuska.

Da baƙi suka watse, sai ga mai unguwa ya shigo yana jan ƙafa. Ya waiga hagu da dama, ya tsuguna kusa da ita, ya rage murya.

"Yaya, wai me ya ce yana yi ne?"

"Au! Ba kai ka ce sananniya ba ce?"

"Bar wasa, don Allah. In hakimi ya tambaye ni sana'ar surukina fa?"

Furera ta ci gaba da tsinke zogalenta. "Sai ka ce ranka ya daɗe, ga yaron nan, a tara fadawa ya faɗa da bakinsa."