Teburin da ke Saman Gadon Tela

"Ke ce za ki kashe min miji. Ke ɗin nan, da littafinki."

Matar Tela ce ta faɗi haka, tana haki saboda matakalar benen da ta hawo. Kafin matar da ke zaune ta ɗago kai, tsohuwar ta kwance bakin zaninta, ta ciro wani ɓawon siminti kamar tafin hannu, ta dangwarar da shi a farantin, gefen gasasshen kifin da aka kawo yanzu.

"Ci. An ce ke ce mai ɗanɗana wa duniya abinci. To ɗanɗana wannan, ki rubuta musu."

Mai littafin ta gyara zaman tabaranta. Mace ce mai matsakaicin shekaru, wayarta a jingine da kofin lemo tana jiran rana ta sauko ta ɗauki hoto. Ta dubi simintin, ta dubi tsohuwar, ta ce, "Mama, ina jin kin yi ɓatan kai ne. Ban san mijinki ba."

"Ba ki san shi ba, amma a kansa kike zaune."

Gaskiya ta faɗa. Teburin nan na kusurwar saman bene, wanda aka shimfiɗa wa farin ƙyalle aka ajiye masa furanni, yana daidai saman gadon Tela ne. Tsakanin ƙafar kujerar mai littafin da fuskar tsohon babu komai sai kankaren rufi.

Tela da matarsa suna zaune a ɗakin ƙasa na ginin nan tun saman benen yana wurin shanya. A nan ya yi ɗinkinsa har ƙarfinsa ya ƙare, a nan ciwo ya shanye masa ɓarin jiki ya kwantar da shi. Da mai ginin ya sa tebura kaɗan a sama ya fara sayar da abinci, ba su damu ba. Ƙarar cokula ce da ɗan jan kujera, har Tela yakan ce suna ɗebe masa kewa. Sai littafin ya fito, jagoran baƙi zuwa gidajen abincin da suka fi kowanne a garin. Matar Tela ba ta karatu, amma hoto ba ya buƙatar malami. Baƙi masu yawon buɗe ido sukan ƙwanƙwasa mata ƙofa, sun zaci ita ce hanyar bene, su buɗe mata shafin suna nuni da yatsa: kusurwar bene, rana ja jawur tana nutsewa cikin teku. Wata mai kai abinci ce ta karanta mata abin da ke ƙarƙashin hoton, cewa duk wanda ya bar garin nan bai tsaya a kusurwar nan da faɗuwar rana ba, to bai zo ba. Ita ce kuma ta raɗa mata yau da rana cewa marubuciyar ta dawo, za a sake buga littafin, an tanadar mata teburin.

Mai wurin ya taho da sauri yana goge hannu, murmushi fal fuskarsa. Matar Tela ta daɗe da sa masa suna Ba-Komai, don tunda take kai masa kuka ba ta taɓa samun wata amsa ba sai wannan.

"Iya, Iya, haba Iya! Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri, maƙwabciyarmu ce, tsufa ne. Iya, mu sauka mu yi magana, ai ba komai."

"Ka ji shi ko? Taɓa ni ka gani, in tara maka unguwa." Ta juya wurin mai littafin. "Ke 'yar nan, ba roƙo na zo ba. Kin hau kin ga sama kin rubuta. Taso ki ga ƙasa."

Tana magana amma idonta yana kan rana. Ta riga ta sauko ta yi ja, saura kaɗan ta taɓa ruwa. Baƙi sun fara tashi daga teburansu suna matsowa kusurwar, kowa da waya a hannu. Tunda abin nan ya fara, ba ta taɓa barin Tela shi kaɗai a wannan lokacin ba. Ta bar shi yau ne don ba ta da wata damar, ga shi kuma magana tana cin lokaci. Ba ta jira amsa ba, ta cafke wuyan hannun mai littafin. Hannun da ya shekara yana juya ƙaton namiji a kan gado ba ya sakin abu da wasa. Matar ta miƙe, ko don kunyar idon jama'a ko don tsoro, ta biyo ta.

Suka sauka, suka bi ta bayan kicin, ta gefen tulunan gas da kwandunan shara, zuwa wata ƙofa mai shuɗin fenti. Ɗakin siriri ne. Gadon ƙarfe ya cinye bango guda, keken ɗinki a lulluɓe ya cinye ɗayan, abin da ya rage hanya ce ta mutum ɗaya. Tela yana kwance rigingine, bakinsa a karkace, idonsa na hagu a buɗe yana zubar da ruwa, don tun da ciwon ya same shi fatar idon ba ta rufuwa.

"Malam, na dawo. Ga ta na kawo maka."

Tela ya juyo da ido mai lafiyar, ya motsa leɓe. Sai an saba ake jin maganarsa. Matarsa ta fassara: "Cewa ya yi sannu da zuwa, ki yi haƙuri ba kujera. Shi har yanzu ladabi yake yi. Ni na daina. Ɗaga kanki."

Mai littafin ta ɗaga kai. Tsaga ce ta taso daga kusurwa, ta ratsa saman gadon, ta rabu biyu kamar reshe. A inda ɓawon ya faɗo, rodi ya fito fili, ya yi tsatsa har yana ɓarewa. An soke wani cokalin ƙarfe a cikin tsagar, yana rataye.

"Da farko tsinken tsintsiya nake sokawa, ya tsaya," in ji tsohuwar. "Sai ya daina tsayawa. Na koma ashana. Yanzu cokali. Jiya na sa ɗan yatsana ya shige, na ji iska a ciki. Abin da na sa miki a faranti da safen nan ya faɗo, nan, tsakanin kunnensa da kafaɗarsa."

"Me ya sa ba ku matsar da gadon ba?"

"In kai shi ina? Kin ga wani wurin? Da aka shigo da gadon nan a kwance aka haɗa shi, ƙusoshin sun ci tsatsa. Na gwada kwantar da shi a ƙasa, bayansa ya ɓarke da gyambo. Kuma in rufin nan ya tashi zuwa, kina ganin zai zaɓi gefe ne?"

"Kin gaya wa hukuma?"

"Na je. Suka ce in kawo a rubuce. Na samu mai rubutawa, suka turo wani ya hau sama, aka ba shi kifi irin naki, ya sauka ta ƙofar gaba. Ko leƙo nan bai yi ba."

Sai suka ji tsayuwar babbar mota a titi, da hayaniyar mutane masu yawa suna sauka. Matar Tela ta san wannan ƙarar kamar yadda ta san tarin mijinta. Ƙafafu suka fara hawa matakala, bangon ɗakin yana amsawa.

"Innalillahi. Motar baƙi ce. Riƙe nan."

Ta jawo wani babban tiren ƙarfe daga ƙarƙashin gado ta danƙa wa mai littafin gefe guda. Suka riƙe shi a saman fuskar Tela. Ita kuma ta sunkuya ta rufe ƙirjinsa da bayanta, kamar yadda take yi kullum in rana za ta faɗi, tun ranar da yashi ya zuba masa a idon da ba ya rufuwa ya kwana biyu yana hawaye.

Takun ya iso samansu. Ba tafiya ba ce, taruwa ce, nauyi yana ƙaruwa a wuri guda. Ana jan kujeru, wani yana hawa kan wata don ya hango. Yashi ya fara sauka a kan tiren, siriri, yana ƙara kamar ana tankaɗe.

Tela ya motsa baki.

"Me ya ce?" in ji mai littafin.

"Cewa ya yi an fara ruwa. Kullum sai ya faɗa. Malam, yi shiru don Allah, ba na son wasan nan."

Cokalin da ke cikin tsagar ya fara rawa. Matar Tela ba ta ganinsa, tunda a sunkuye take, amma tana ganin fuskar baƙuwar, ta ga yadda idonta ya kafe a sama. A can bene wani ya ɗaga murya yana tara mutane su matso wuri guda don hoton ya ɗauke su duka. Aka kwashe da dariya. Sai aka fara ƙirga, za su yi tsalle tare.

Tsohuwar ta ƙanƙame mijinta, ta tura fuskarta cikin rigarsa, tana jin bugun zuciyarsa a kumatunta. Duk addu'ar da ta sani ta gudu daga kanta, sai sunan Allah kaɗai take maimaitawa.

Suka dira.

Cokalin ya faɗo ya bugi ƙasa. Wani dunƙulen kankare ya biyo shi, ya daki tsakiyar tiren har ya lotsa, gefen ƙarfen ya sauko ya taɓa hancin Tela. Ƙura ta turnuƙe ɗakin. Mai littafin ta ƙwalla ƙara, amma ba ta saki ba. Jini yana bin yatsanta inda bakin tiren ya yanke ta.

"Malam? Malam!" in ji matar Tela.

Ya yi tari. Yana nan.

"Jeki kira masu kicin," in ji matar Tela. "Ni sun saba da ihuna, ba sa fitowa. Ke in kin kira za su zo."

Haka kuwa aka yi. Kuku da mataimakansa biyu suka shigo da gudu, suka ɗaga kai sau ɗaya, ba wanda ya ƙara tambaya. Suka kama kusurwoyin katifar, suka karkata ta, suka fito da tsohon a kanta ta ƙofar da ƙyar. Kukun ya ce a kai shi bayan kicin, akwai inuwa.

"A'a. Ku biyo ni."

Matar Tela ce ta faɗa, ta wuce gaba, ta kai su ƙofar gaba, gindin matakalar da baƙi ke hawa. Nan ta nuna. Suka shimfiɗe katifar a gicciye, ta toshe hanyar daga bango zuwa bango. Ta gyara masa matashi, ta goge masa ƙurar fuska da bakin mayafinta, ta rufe masa idon hagu da yatsa ta riƙe. Sannan ta zauna a kan matakala ta farko.

Rana ta faɗi. Baƙin suka fara saukowa suna duba hotunansu, na gaba suka yi turus, na baya suka taru a kansu. Wasu kuma sababbi suna tsaye a bakin titi da littafin a hannu, ba hanyar hawa. Ba-Komai ya kutso ta tsakiyarsu, murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Iya, wannan ai tozarci ne. A ɗauke shi daga nan, gobe da safe zan kawo magini, wallahi ba..."

"Ƙarasa mana. Ƙarasa, ga shi nan kwance, ka faɗa masa."



Mai littafin ta durƙusa a gefen tsohuwar, farar ƙura a gashinta, ta naɗe yatsanta da ƙyallen tebur. Ta ce, "Mama, zan cire shi. Bugun da za a yi nan gaba ba za a ga wurin nan a ciki ba. Zan sanar a waya yau ɗin nan kowa ya gani."

"Na ji. Waɗanda suka riga suka saya fa? Ga ɗaya can a hannun wancan mai hular, ga wani a jakar waccan. Gida gida za ki bi ki yage shafin? Gobe war haka wata motar za ta tsaya a nan."

Matar ta sunkuyar da kai.

Tsohuwar ta dubi ƙofar ɗakinta daga nesa. Keken ɗinkinsa yana ciki, da tukwanenta, da maganinsa, kuma ta san ba za ta iya sake taka ɗakin nan ba, ko da rana tsaka. Ba ta san inda za su kwana ba. Ta ji hannun Tela mai lafiyar ya lalubo ƙafarta ya riƙe.

Ta ɗaga murya yadda na saman matakala za su ji.

"Ba mai hawa, ba mai sauka, sai dai ya tsallake mijina, in kuma akwai mai wannan zuciyar to bismillah. Ke da kika rubuta, kai da ka jera tebur, da wancan da ya ci kifi ya tafi, a kira min shi. Ku tsaya nan gaban mutumin nan. Ɗayanku ya buɗe baki ya gaya min wa ya ce a tara duniya a kan mara lafiya, kuma wa zai amsa."