Takardar da Na Karanta wa Kawu Barewa

"Sake karanta mini layin ƙasan nan," in ji Kawu Barewa. "A hankali, Malama, ba tsere muke yi ba."

Muna cikin garejinsa, ni a kan benci, shi a kan tsohuwar tayar mota da masu atisaye ke ja. Takardar asibiti ce a hannuna, da Turanci. Na sake karantawa, na fassara masa: an ga matsala a bugun zuciyarsa, kada ya yi gudu, kada ya ɗauki nauyi, har sai likitan zuciya ya gan shi ranar Litinin. An ja wa maganar layi biyu da jan biro.

Ya ce ai haka likitan ya faɗa masa da baki, ya ɗauka ko a rubuce an ɗan yi masa ragi. Ya yi dariya shi kaɗai. Ranar Talata ce da la'asar, tseren da zai shiga kuwa Asabar.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Ba kawuna ba ne na jini, amma duk yaran layinmu haka muke kiransa, Barewar kuwa tun yana saurayi mai tseren dogon zango aka laƙaba masa. Umma ta ce sun sha ganinsa a talabijin, kuma ko ya zo na ɗaya ko na takwas, da ya tsallake layi sai ya faɗi ya yi sujada. Da ya yi ritaya bai sayi mota ba, sai ya cika garejin da kekunan guragu da yake gyarawa yana rabawa, da ƙarafan motsa jiki don masu shanyewar ɓarin jiki. Shi yake wanke bayin masallaci kafin kowa ya fito. A gidanmu idan yayana ya makara sallar asuba, da sunan Kawu Barewa ake yi masa faɗa. Ni kuma ya sa mini Malama saboda ko aike aka yi ni da littafi nake tafiya, na taɓa yin karo da turken wutar lantarki a ƙofar gidansa.

Ya ninke takardar gida huɗu, ya tura ta cikin safarsa. Ya ce a zamaninsu duk wanda ya ce wa koci ƙafarsa na ciwo, benci zai ɗumama, don haka sai mutum ya ɗaure ƙafar ya yi shiru, bayan tsere ya yi jinya. Sau uku ya yi haka, in ji shi, kuma ga shi a zaune.

Na ce, "Kawu, ai wannan ba ƙafa ba ce."

"Zagaye huɗu ne kacal, kuma da gudun Direba, wanda ko akuya mai ciki ta fi shi sauri. Litinin da sassafe ina gaban likita." Ya dube ni. "Amana na ba ki, Malama. In Antinki ta ji, za ta kulle ni a ɗaki ta haɗiye makullin."

Na ce to. Ni dama to ce kalmar da ta fi saurin fita daga bakina.

Direba mutumin ƙarshen layinmu ne. Shekara ashirin yana tuƙa bas kafin ciwon ido ya makantar da shi, ya shekara shida a zaune a kan tabarma a ƙofar gida ba ya ko amsa gaisuwa. Kawu Barewa ne ya tashe shi. Ya zama ɗan jagoransa: 'yar igiya ce da ba ta kai kamu ɗaya ba, da maɗauki a kowane baki, kowa ya sa yatsunsa a ɗaya, su yi gudu kafaɗa da kafaɗa, Kawu na faɗa masa kwana, miƙe, rage. Wata takwas suka yi kafin ƙafafunsu su daidaita. An gwada Direba da wasu 'yan jagora biyu, ya ce ɗaya jansa yake kamar rago, ɗayan kuma warin tafarnuwa yake. A tseren masu larura na ranar Asabar ɗin ne 'ya'yansa mata uku za su fara ganin babansu yana wani abu ban da zama.

Laraba ban ci abincin kirki ba. Alhamis na ɗauki siket ɗin makarantata, na warware bakinsa da kaina don in sami dalilin shiga wurin Anti, matar Kawu, wadda tela ce. Na same ta a kan keken ɗinki tana ɗinka wa rigar tserensa manyan haruffa masu nuna shi ne ɗan jagora. Tana ɗinki tana mita: mutum ya kusa sittin, gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma ya ƙi zama, wai shi barewa. Jiya ma, in ji ta, a zaune ya yi nafila, ya ce mata gwiwar ce.

Na ce, "Anti."

Ta ɗaga ƙafa daga keken, ɗakin ya yi tsit. "Na'am, 'yata?"

Na dubi allura, na dubi almakashi, na dubi lambobin yabonsa da ke rataye a ƙusa suna ƙura. A littattafan da nake karantawa mutane suna buɗe baki magana ta fito a tsare. Ni sai na ji na tambaye ta ko tana da farin zare. Ta ce siket ɗin shuɗi ne, me zan yi da farin zare, ta yi dariya, ta ce karatu ya fara taɓa ni.

Da na fito, Direba na zaune a kan bencin gareji yana jiran Kawu ya dawo daga masallaci. Na so in wuce a sace, amma ya san takun kowa a layin nan.

Ya ce, "'Yar boko, zo nan. An ce ke kika karanta masa takardar asibiti."

Na ce e.

"Ni fa shekara ashirin ina zaune a kan inji. Idan mota na son bakanike, kunnena ne ke fara sani. Sati biyu ke nan numfashin mutumin nan ba ya yi mini daɗi, musamman a zagaye na uku. Na tambaye shi, ya ce alhamdulillahi. Shi ko ƙafarsa aka yanke alhamdulillahi zai ce. Me takardar ta ce?"

Fuskarsa na kallon gefena kaɗan, yana jira. Ya ce in akwai wani abu, shi ya fasa, tseren ba farilla ba ne. A fili ya faɗa, da kunnena na ji. Kalma uku ko huɗu kawai ake nema daga gare ni. Sai na hango Kawu Barewa ya shawo kwana da carbi a hannu, yana ɗaga mini hannu tun daga nesa.

Na ce, "Gajiya ce kawai. Sun ce ya riƙa hutawa."

Direba ya yi ajiyar zuciya, ya ce to madalla, tsufa ne, dama ya faɗa masa tsohuwar mota ba ta son giya biyar. Kawu ya iso yana cewa wa ake zagi, Direba ya ce wani kwandasta ne da ba ya jin magana. Na bar su suna dariya.

Ranar Asabar da hantsi filin wasa ya cika rabi. Ni da Umma muna can sama, Anti na ƙasa kusa da 'ya'yan Direba da kwalbar ruwa a cinya. Da mai lasifika ya ambaci sunan Kawu Barewa sai da mutane suka miƙe. Wani mutum a bayanmu ya ɗora ɗansa a wuya yana cewa ya kalla da kyau, wannan shi ne mutum.

Su shida ne, kowa da ɗan jagoransa. Zagaye na ɗaya da na biyu lafiya, ƙafafunsu na sauka tare kamar mutum da inuwarsa. Na fara cewa a raina ƙila likitoci sun cika tsoro. A na uku na ga Kawu ya buɗe baki sosai, hannunsa na hagu ya daina kaɗawa. Aka buga ƙararrawar zagayen ƙarshe, su ne na uku.

Sun fito daga kwanar ƙarshe ke nan, saura miƙaƙƙiyar hanya, na ga ya zare yatsunsa daga igiyar. Bai ja Direba ba ko kaɗan, a hankali ya sake ta, ya ratse gefe, ya durƙusa a kan ciyawa. Na ji muryarsa har sama: "Miƙe, Direba! Hanya taka ce, miƙe!" Direba ya miƙe, igiya na lilo a hannunsa, 'ya'yansa na ihu suna kiran Baba, ya bi muryarsu har ya tsallake layi.

Kawu kuwa ya kifa goshinsa a ƙasa.

Filin ya ɗauki kabbara da tafi. Mai lasifika ya ce ku duba, jama'a, Barewa bai bar halinsa ba, ya bar wa ɗan'uwansa layi ya faɗi yana gode wa Allah. Mutane suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. 'Yan agaji biyu da ke tsaye da jakarsu, taku goma tsakaninsu da shi, suka harɗe hannu suna jira ya ɗago, don ba a katse wa mutum sujada. Anti ma murmushi take tana girgiza kai.

Duk filin nan ni kaɗai na san abin da ke cikin safarsa. Na san kuma bai taɓa yin sujada kafin layi ba, kuma bai fuskanci gabas ba. Duk da haka sai da na tsaya ina cewa yanzu zai ɗago, yanzu zai ɗago. Ban san tsawon lokacin ba. Da na yi ihu tafi ya haɗiye muryar. Na sauka da gudu ina tsallake ƙafafun mutane, takalmina ɗaya ya fita, na kama rigar ɗan agajin na ce zuciyarsa ce, zuciyarsa ce, ku ɗaga shi. Da suka juya shi ciyawa ta manne a goshinsa.

Ya cika a motar asibiti, kafin azahar.

Kwana uku layinmu ba masaka tsinke. Kowa ya zo ta'aziyya maganarsa ɗaya, wai ya yi kyakkyawan ƙarshe, a sujada Allah Ya ɗauki abinSa. Hoton ya zaga wayoyi. Ina raba ruwa ina ji. Direba na zaune a bakin gareji, ba ya amsa wa kowa. Da na ajiye masa ruwa ya gane takuna, ya ɗan juyo, na tsaya ina jiran ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa. Sai kawai ya tambaye ni taku nawa ya rage musu zuwa layi. Na ce ban ƙirga ba. Ya ce shi ya ƙirga, sittin da biyu, kuma duk sittin da biyun ya ɗauka mutumin na bayansa.

Bayan mako guda, da baƙi suka ragu, na shiga wurin Anti da yamma. Tana tsakar gida tana kwashe shanya. Ban zauna ba, don na san in na zauna zaren zan sake tambaya. Na faɗa mata duka a tsaye, tun daga Talata, da siket ɗin da na warware, da abin da na ce wa Direba.

Ta ce asibiti sun ba ta takardar tare da agogonsa da takalmansa, ƙaninta ya karanta mata. Tun ranar take tunanin wa ya karanta masa.

"Ranar da kika zo da siket," ta ce, "da kin faɗa mini, da na zauna a bakin ƙofar nan ya tsallake ni in gani."

Na ce, "Ya ce amana ce, Anti."

"Na sani. Shi ya san wadda ya ba." Ta jefa riga a kwando. "Bai kyauta miki ba. Ke ma ba ki kyauta mini ba."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce in fita ba. Ta jawo babban zanen gado daga kan igiya, ya fi ƙarfin hannunta ita kaɗai, bakinsa na jan ƙasa. Ta miƙo mini ɓangare ɗaya ba tare da ta dube ni ba. Na kama. Muka ja da baya har ya miƙe, muka kaɗe shi, muka ninka, sannan ta tako na tako muka haɗa bakin biyu. Yatsunta sanyi ƙalau. Ta karɓa ta ɗora a kwando, ta jawo na biyu.